Fentin da Na Yi wa Akori-kurar Baba

Akori-kurar mahaifina, Malam Daudu, Fijo 404 ce 'yar 1976. Da ita ya yi shekara arba'in yana jigilar gyaɗa da gero daga Roni zuwa kasuwanni, kuma da guminta na yi karatu har na samu kujera a ofis a Kazaure. Duk da haka ni kunyarta nake ji tun ina sakandare. Idan ya kawo mini ziyara, can bayan katanga nake tarar sa, in ce wai nan ya fi inuwa. Bai taɓa ganewa ba, ni kuma babban abin da nake tsoro a duniya shi ne ranar da zai gane.

Bara wani Alhaji Maikasuwa daga Kano, mai tara tsofaffin motoci, ya ga hotonta a wayar ƙanwata Bahijja. Ya aiko cewa zai zo ya duba ta, yana so ya kai ta baje kolin tsofaffin motoci da sunan Baba a jikinta. Baba, wanda idanunsa sun yi rauni har ya daina tuƙi, ya wuni yana ba maƙwabta labari kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

Ni kuwa tunanina daban ne. Manyan Kano za su taru a kan wannan tsatsar, a ce ta uban Ashiru ce? Na ce wa Baba zan kai ta Kazaure a duba birki. Can na damƙa ta ga mai fenti, na ce ya mai da ta amarya. Aka shafe ruwan ƙasarta da fari mai sheƙi, aka cire kujerar da ta lotsa aka kafa sabuwa, aka sa sitiyari da fitilun zamani. Wani ɗan farantin ƙarfe mai lambobi da ke ƙarƙashin bonet ya yi baƙi ƙirin, na ce a ɓalle shi ma. Tarkacen duka na bar wa 'yan gwangwan, na dawo ina jin kaina gwani.

Ranar da Alhajin ya zo, sau ɗaya ya zagaya ta, ya ɗaga bonet ya leƙa. Sannan cikin ladabi ya bayyana wa Baba cewa 'yan shekarun farko yake nema, da kayansu na asali, kuma wancan farantin ne shaidar shekararta. Yanzu ba shi da abin da zai nuna wa kowa. Ya tambaya ko hatsari ta yi aka gyara.

Baba ya nufi motar. Ya lallaba ya buɗe ƙofa, ya shafa sitiyarin, ya shafa kujerar. Bayan baƙon ya tafi ya kira ni, ba faɗa, ba ɗaga murya.

"Birki ka ce mini, Ashiru."

Na fara kame-kame, wai so nake ta fita kunya a gaban mutane.

"Ta fita kunya," ya maimaita a hankali. "To, tun yaushe kake jin kunyar tata?"

Na so in yi masa ƙarya, wallahi na so. Shi kuma ya tsaya yana jira, hannunsa a kan farin fentin.