Askin Ɗayyabu

Askar ta ɗan ci bayan kunnen Ɗayyabu. Labaran wanzami ya yi salati, ya cusa hannu a zabira yana lalubar auduga da alif na tsayar da jini. Shekara uku yana yi wa maƙwabcin nan nasa aski a ƙofar gida a Sharada, ya san jininsa sarai. Tun da likitoci suka sa masa ƙarfe a zuciya, suka ɗora shi a kan maganin tsinka jini, yanka kamar bakin allura sai ya jiƙa auduga uku kafin ya lafa.

Da ya juyo da audugar sai ya tarar jinin ya tsaya da kansa. Ɗigo ɗaya ne, har ya soma bushewa.

Shekara arba'in Labaran yana tsaga fatar mutane. Ba ya buƙatar ɗakin gwaji.

"Kai, Ɗayyabu. Yaushe ka daina shan maganinka?"

"Haba Baba Labaran, aski na zo ko duba?"

"Ka ba ni amsa."

Ɗayyabu ya waiga wajen ƙofar gidansa, ya rage murya. "Sati biyu."

Sai ya buɗe babban yatsansa na dama, ga ɗinki. A wata majema yake aiki a Challawa, a kan injin kankare fata mai wuƙa da ke juyawa. Watan jiya wuƙar ta ɗan lashe shi. Raunin da wani zai ɗaure da tsumma ya ci gaba da aiki, shi sai da aka kwashe shi zuwa asibiti, jini ya cika ƙasa.

"Foman ya ce in aka sake, in nemi wani wurin. Wai ba zai ajiye mutumin da ƙaya za ta iya kashewa ba."

"Ka gaya wa likita?"

"Na gaya mata. Na ce na ji an ce akwai sabon magani, wanda ba sai ana gwajin jini duk wata ba. Ta ce akwai, amma ba na masu ƙarfe a zuciya ba ne. Ni dai wannan ne nawa har kabari. In na sha, in yi ta zubar jini. In na bari, jini ya dunƙule ya tafi ƙwaƙwalwa. Sai ta ce in canza aiki." Ya yi dariya. "Na ce to Likita, ko akwai gurbi a ofishinku?"

Labaran bai yi dariya ba.

"Baba, ƙaho nake so ku kafa mini. Abin da suke tsoro ba gudan jini ba ne? Ai ku ne masu fitar da gudan jini tun ba a haifi kakan likita ba."

"Kada ka hure mini kunne. Ƙaho jinin fata yake ja, bai san hanyar zuciya ba."

"To sai in tafi wurin na bakin tasha, mai tsaga mutum goma da aska ɗaya. 'Ya'yana huɗu, Baba. Ku dai kada maiɗakina Zuwaira ta ji."

A faɗi gaskiya a nan, don ba za a sake samun wurin faɗinta ba. Labaran ya san ƙaho ba zai maye gurbin maganin ba. Ya san tsakanin inda yake zaune da kunnen Zuwaira bango ɗaya ne. Amma namiji ya ba shi sirri, maƙwabci ya roƙe shi, sai ya ji nauyi. Mutanenmu suna kiran wannan kara, suna yabon mai ita. Ran Juma'a da safe ya kafa masa ƙaho shida a gadon baya.

Da aka zazzage ƙahon a kasko, Ɗayyabu ya leƙa baƙin jinin da ya daskare, fuskarsa ta washe. "Kun gani? Ga mugun nan ya fito."

Kowane jini haka yake daskarewa in ya sha iska. Labaran ya san wannan ma. Ya zuba ƙasa a kai.

Bayan wata guda Zuwaira ta tare shi a hanya, ta durƙusa. "Baba, Allah ya saka da alheri. Tun da kuka fara yi masa ƙaho, ko asuwaki ya yi ba jini. Tabon da ke fito masa a jiki ma duk ya ɓace."

Labaran ya buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Allah ya ƙara sauƙi."

Sati na bakwai, ranar Talata da hantsi bai gama ɗagawa ba, Ɗayyabu yana bakin titi cikin ma'aikata suna jiran motar kamfani, sai kular abincinsa ta suɓuce, wake da shinkafa suka watse a kwalta. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun ya ƙi. Kafin a kirawo Labaran ya ƙaraso, bakinsa ya karkace, magana ta zama gurnani. Shi ya rungume shi a adaidaita sahu har asibiti, Zuwaira na gefe tana ta kiran sunan Allah.

Likitar ta ɗaga rigarsa ta ga tsagar ƙaho, ta dubi matar. "Yana shan maganinsa?"

"Kullum, Likita. Da hannuna nake miƙa masa da safe, ya ce zai sha a mota."

Likitar ta dubi dattijon da ke riƙe da hular mara lafiya. Labaran ya dubi ƙasa.

Kwana huɗu Ɗayyabu ya yi, bai sake cewa uffan ba har ya cika. Labaran na cikin waɗanda suka yi masa wanka. Da aka juya gawar, ga aikin hannunsa nan a jere, tsaga mai kyau, ba wadda ta kauce.

Bayan sadakar uku wani abokin aikin mamacin ya kawo kayansa daga majema: riga mai ƙarni, safar hannu, da dogon takalmin roba. Da la'asar Labaran yana zaune a tabarmarsa sai ya ji muryar Zuwaira daga bayan labulen zaure, don tana takaba.

"Baba."

"Na'am, Zuwaira."

"Na sami ƙwayoyinsa a cikin takalmi, ƙunshe a leda. Ko ɗaya bai sha ba. Ku da kuke tsaga shi, ba ku ga alama ba?"

Da ya ce bai gani ba, da ta yarda. Yana iya cewa kwana ne ya ƙare, ba kuma wanda zai musa masa.

"Na sani," in ji Labaran. "Tun kafin in kafa masa ƙaho."

Labulen bai motsa ba. Can ya ji ta ce, "To." Sai ƙarar silifas ɗinta yana komawa cikin gida, a hankali.

Jim kaɗan hannu ya fito ta ƙasan labule ya ajiye takalmin a waje, saboda warin jima. Ƙafa ɗaya ta tsaya, ɗayar ta kwanta a gefenta. Labaran yana zaune yana kallo har ƙudaje suka taru a kai.