Asusun Rumfar Andrawus

A zamanin da ake kashe fam da sule, akwai wata rumfar ɗinki a Wunti cikin garin Bauchi, daf da hanyar shiga kasuwa, wadda mutum uku suka mayar wurin zamansu na yammacin Asabar. Mai rumfar shi ne Andrawus, mutumin Bogoro. A soja ya koyi keken ɗinki, da ya dawo daga yaƙin duniya a ƙasar Bama kuma ya ƙi komawa gona. Na biyu Hammadu ne, dillalin shanu daga Ƙofar Wambai, wanda iyayensa suka zauna gari amma shi zuciyarsa na ruga. Ta uku yayarsa ce, Adda Bintu. Mijinta ya rasu ya bar ta da sana'ar man gyaɗa, ta riƙe ta da kyau har mata da dama suka koma yi mata suya da matsa.

Su ukun asusunsu ɗaya. Ba adashi ba ne, don ba a kwasa. Kowa ya zuba abin da ya samu, su juya shi tare. Da kaka su sayi gyaɗa su ajiye. Da rani su sayi ramammun bijimai Hammadu ya ɗaure su a turke. Gabanin salla da Kirsimeti Andrawus ya hau mota zuwa Jos ya saro yadi. Dokarsu biyu ce, kuma Adda Bintu ce ta kafa su: ba a zuba fiye da kashi ɗaya cikin uku a abu guda, kuma ba a taɓa asusun sai mutum biyu sun yarda. Tana yarinya ta ga shekarar da cutar bushiya ta shafe garken mahaifinsu a damina ɗaya, tun daga nan ba ta ƙara yarda da dukiyar da ke tsaye a wuri guda ba.

Waɗanda suka san Wunti a lokacin har yanzu suna tuna zaman nan. Da la'asar ta yi sanyi Andrawus zai rufe keke da ƙyalle, matarsa Roda ta aiko da kunun gyaɗa, ya buɗe jaridar Hausa da ke zuwa daga Zariya ya riƙa karanta musu da ƙarfi. Daga nan gardama ta tashi. Masu wucewa su tsaya su jingina da keke, wani ma ya manta abin da ya fito saya.

"Hukumar ciniki ta yanke farashin gyaɗa na bana," Andrawus zai ce. "Sun ce sun rage wani abu suna ajiye wa manoma, saboda shekarar da kasuwa za ta faɗi."

"Su wa suka roƙe su ajiya?" in ji Hammadu. "Ni in zan ajiye wa mutum abu, sai ya kawo mini da hannunsa."

"Ai da babu su, kamfanoni ne za su yanka maka yadda suka ga dama."

"To yanzu ma yankan ake yi, Soja. Wuƙar ce aka canza."

Adda Bintu ba ta cika shiga ba sai sun gaji. Sannan ta gyara mayafi ta faɗi abin da za a saya, galibi kuma shi ake saye.

Ana cikin haka Toma ya zo gari. Ƙanin Andrawus ne, ya yi shekaru yana aiki a filin kuza a ƙasar Jos. Ya sauko daga mota da agogo a hannu da takalmi mai ƙara, ya zauna a bakin rumfa ya kwance wani ƙullin tsumma. Baƙin yashi ne a ciki, mai nauyi, yana ɗan ƙyalli.

"Yaya, ka ga wannan? Kwalambayit ake ce masa. Da can in an wanke kuza zubar da shi ake yi. Yanzu Amurka ke saye, kuma tana biya fiye da kuɗin kuzar kanta."

Ya yi musu bayani dalla-dalla. Wani kamfani mai lasin haƙa yana neman 'yan kwangila. Ɗan kwangila shi ke tara lebura, ya saya musu diga da kwanon ɗiba, ya ciyar da su, su tone tsofaffin tsibin ƙasa su wanke, ya kai wa kamfanin ya auna ya biya. Abin da Toma ya rasa jari ne.

Hammadu ya murza yashin a tafin hannu. "Me suke yi da shi?"

"An ce ƙarfen jirgin sama."

"In ba su saya ba, wa zai saya?"

"Malam, ai ba za su daina ba."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba. Sa in ya ƙi sayuwa a Bauchi, in kora shi Kudu. In ya ƙi, in yanka mu ci. Wannan fa?"

Adda Bintu ta tambaya ko Toma na iya kai yashin ga wani kamfanin in wannan ya karya farashi. Toma ya ce doka ba ta yarda ba, sai mai lasin filin kaɗai. Ta girgiza kai. Andrawus yana son taimakon ƙaninsa, amma shi kaɗai ne. Toma ya ƙulle tsummansa ya koma Jos ransa a ɓace.

Sai dai shekarar da ta biyo baya ta ba su kunya. Toma ya sami jari a wani wurin, ya yi kwangilar, ya dawo da babur. Wani mahauci na unguwarsu da ya sa hannu a harkar ya yi wa gidansa rufin kwano. Duk wanda ya sauko daga motar Jos labarin ɗaya yake kawowa. Su kuma gyaɗarsu ta ba da ribarta ta kullum, ba yabo ba fallasa. Zaman Asabar ya fara yin shiru. Andrawus yakan daɗe yana kallon babur ɗin in Toma ya jingine shi a gindin rumfa.

Wanda ya sauya ra'ayi shi ne Hammadu, abin da ba wanda ya zata. Ya kai shanu Bukuru kusa da Jos, ya ga da idonsa yadda lebura ke sayen nama ba ciniki. Ya dawo ya zauna a kan benci ya ce, "Adda, mun yi kuskure. Na ga wurin. Mutum ba zai ga ruwa na gudu ta ƙofar gidansa ya ƙi ɗiba ba."

"Mai sayen ya zama biyu?" ta tambaya.

"A'a."

"To ni ina nan inda nake. Amma ku biyu ne, doka ta ba ku. Kashi ɗaya cikin uku, kada a ƙara ko kwabo."

Hammadu ya so a ƙara, har ya ɗaga murya, abin da bai saba yi wa yayarsa ba. Ta bar shi ya gama, ta ce in an karya dokar yau, ita gobe za ta cire hannunta. Aka tsaya a kashi ɗaya. Toma ya karɓa ya ƙara lebura, ya kama sabon wuri.

Ba a ci moriyar abin ba. Kafin damina ta ƙare labari ya zo cewa Amurka ta tara abin da take so, ta daina saye. Kamfanin ya rufe ma'auni. Toma ya rage da buhunan baƙin yashi a ɗaki da lebura masu jiran abinci. Ya sayar da babur da agogo ya sallame su, ya shigo Bauchi a bayan motar itace.

Asabar ɗin da ta biyo baya Hammadu bai zo rumfa ba, ta gaba ma haka. Andrawus ya rufe keke ya tafi Ƙofar Wambai, ya same shi a bayan gida yana ba bijimai dusa.

"Ni na kai mu," Hammadu ya ce, bai ɗago ba.

"Ni na kawo ƙanina. In rabon laifi za a yi, nawa ya fi naka. Taso, Adda na jira, kunu na hucewa."

Da suka iso ba ta yi musu gori ba. Ta ce gyaɗa na nan, shanu na nan, ba a mutu ba. Ta dubi Toma da ke rakuɓe a gefe ta ce tana neman wanda zai riƙa kai mata garwanin mai Jos, tunda ya san garin. Haka Toma ya koma fataucin man gyaɗa. A hankali asusun ya mayar da abin da ya rasa, gardama ma ta dawo, sai dai Hammadu ya rage yawan magana.

Abin da ya raba su ba hasarar ba ce. Ganin asusun ya tsallake shekarar da ta kayar da mutane da yawa, sai teloli da 'yan koli na Wunti suka fara roƙon a sa su. Ana haka wani malamin gwamnati mai kula da ƙungiyoyin gama kai mai suna Ɗanlarai ya zo rumfar, mutum mai ladabi, ya tuɓe takalmi kafin ya zauna. Ya ce in za su karɓi kuɗin jama'a, ya kamata su yi rajista. Ya tuna musu bankunan da suka rushe a Kudu da ajiyar talakawa, har gwamnati ta kafa doka a kansu. In sun yi rajista, hukuma za ta riƙa duba lissafinsu duk shekara, kuɗin ya kwana a banki, kuma a rubuta duk abin da asusun ya mallaka.

"Har da shanu?" Hammadu ya tambaya.

"Har da su, Malam."

Bayan tafiyarsa suka yi gardamar da ta fi kowacce tsawo. Andrawus ya ce amana tsakanin mutum uku abu ne mai sauƙi, amma tsakanin mutane da yawa sai da doka. Ya ce ga mulkin kai na zuwa, an kafa babban banki a Ikko, har kuɗin ƙasa za a canza, wanda bai shiga tsari ba za a bar shi a baya. Hammadu ya ce shi bai taɓa ganin an rubuta saniya a takardar hukuma ba tare da jangali ya biyo baya ba. Ya ce dokar Adda ta fi ta gwamnati, don ita ta san fuskarsa.

Duka suka juya ga Adda Bintu. Ta dubi ƙaninta.

"Hammadu, na tsufa. Ranar da ka so karya dokar, ni na tsaya. In ba na nan, wa zai tsaya?"

Aka zama biyu da ɗaya. Hammadu bai yi fushi ba. Ya ce ya ji, amma shi ba zai iya ba. Aka ware masa rabonsa a shanu cikin mutunci, ya bar gidan Ƙofar Wambai a hannun ɗan'uwansa, ya kora garkensa ya kafa ruga a gindin duwatsun hanyar Dass.

Ƙungiyar ta yi rajista, ta girma, ta kama ɗaki mai teburi da kujeru. Taro ya koma sau ɗaya a wata, da shugaba da magatakarda, mai magana sai ya ɗaga hannu. Kuɗin mutane ya zauna lafiya, ba wanda ya yi kuka. Adda Bintu ta je taron farko, ta zauna a kujera ƙafarta ba ta taɓa ƙasa, daga nan ta riƙa aika Toma.

Makon da aka karɓi mulkin kai, Andrawus ya yi ta ɗinkin tutoci masu kore da fari har yatsunsa suka kumbura. Da hidima ta lafa, ya ce wa Roda zai je ya ga mutuminsa. Ya hau motar Dass ya sauka a hanya, ya taka cikin dawa da ta fara nuna har rugar.

Hammadu ya rame, ya yi baƙi, amma dariyarsa ta dawo. Ya shimfiɗa masa buzu a inuwa, aka kawo fura da nono. Ya tambayi Adda, ya tambayi Roda da yara, ya tambayi Toma. Andrawus ya ba shi labarin layin dogo da ake shimfiɗawa, wanda aka ce ya kusa isowa Bauchi, da takardun rance da gwamnati ke sayarwa, wai ka ba ƙasa bashi ta riƙa biyan ka riba.

"Ƙasa da kanta take neman rance wurin tela?"

"Da kanta."

"To, Allah Ya sa ta fi kamfanin Toma riƙon alkawari." Sannan ya ce, "Soja, kai da ke karanta jarida. Yanzu da Turawa suka tafi, za a daina karɓar jangali?"

Andrawus ya so ya ce masa e. Ya dubi shanun da ke kwance suna tuƙa, ya ce, "Ban sani ba, Hammadu. Ba su rubuta ba."

Da rana ta karkata Hammadu ya raka shi bakin hanya, riƙe da ƙwaryar man shanu da ya ce a kai wa Adda, da wata ƙarama ta Roda. Suka tsaya suna maganar farashin bijimai in jirgi ya fara ɗaukar su zuwa Kudu. Andrawus ya ce farashin zai tashi, Hammadu ya ce dillalan Kudu ne za su ci ribar. Motar farko ta zo ta tsaya, direba ya yi ta danna ƙaho, Andrawus ya ɗaga masa hannu ya ce ya wuce, zai jira ta baya.