Shafin da Peku Ba Ta Juya Ba

Peku ba ta juya shafin ba.

Malama Zipora tana zaune a bencin gaba, nata littafin buɗe a kan cinya, bugu ɗaya da babban da ke kan teburin karatu. Karatu ya kai ƙasan shafi, ta lashi yatsa ta juya. Ta ɗago kai tana murmushi, sai ta ga 'yarta na ci gaba da zubo ayoyi tiryan-tiryan, hannuwa biyu a baya, ido kafe a wuri guda. Shafin yana nan yadda fasto ya buɗe mata shi.

Majami'a ta cika maƙil a wannan Lahadi ta Satumba. Sujadar godiya aka shirya domin Zipora, wadda ta dawo Kafanchan kwana huɗu da suka wuce, bayan shekara bakwai tana koyar da ƙananan yara a makarantar mishan, a wani ƙauye can gaba da Maraɗi a ƙasar Nijar. Matan zumunta sun fito da anko, sun daki tuluna, sun yi rawa har gumi ya jiƙa ɗankwali. Al'adar ikilisiyar ce, in mai aikin bishara ya dawo gida, ɗansa ne zai karanta nassin ranar. Shi ya sa aka tsayar da Peculiar, 'yarta tilo mai shekara goma sha biyu, wadda kowa ke kira Peku.

Shekara ashirin da ɗaya Zipora ta yi tana riƙe da aji ɗaya. Ta san idon yaron da ke karatu: yana tafiya, yana tuntuɓe, yana komawa baya ya sake ɗauko kalma. Ta kuma san idon mai hadda. Wannan ba sai an gaya mata ba.

Peku ta kai aya ta ƙarshe, ta ɗan rusuna. Tafi ya ɓarke, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa.

“'Yar malama ke nan!” in ji fasto. “Kun ji yadda ake karatu?”

Zipora ma ta tafa, don ido yana kanta. Amma ba ta ji ko kalma ɗaya daga wa'azin ba.

* * *

Shekara biyu aka ce za ta yi. A lokacin Azariya mijinta bai daɗe da rasuwa ba, gida ya yi mata faɗi, sai kira ya zo ana neman malama mai jin Hausa. Ta so tafiya da Peku, aka ce mata can akwai zafi, akwai sanƙarau, asibiti kuma da nisa. Yayanta Silvanus ya ce, “Ki bar ta wurinmu mana. Ga Hellen sa'arta, su riƙa zuwa makaranta tare.” Emilia matarsa ta ɗauki yarinyar ta goya a gaban jama'a, har matan zumunta suka yi hawaye. Shekara biyu ta zama huɗu saboda ba a samu wanda zai karɓe ta ba, sannan aka rufe iyaka, sannan ita ma, in za a faɗi gaskiya, ba ta yi saurin neman dawowa ba.

Ta so wurin nan. Ko yanzu in ta rufe ido tana ganin ajinta na farko, rumfar zana ce ƙarƙashin bishiyar bedi, wato darbejiya, babu benci babu allo. A rairayi yara suke rubutu da yatsa, in sun yi kuskure su shafe da tafin hannu su kwashe da dariya. Da safe sukan zo mata da ƙwan zabi a cikin hula, wani da ɗan nono a ƙwarya. Akwai Zamzam, 'yar wani makiyayi, mai ɗan karen taurin kai, wadda ta yi wata uku ba ta buɗe baki ba. Zipora ta riƙa zama kusa da ita tana kama mata yatsa, har ranar da yarinyar ta rubuta sunanta ta ruga gida da gudu, ta jawo ubanta ya zo ya gani kafin awaki su taka. Mutumin ya tsaya gaban rubutun ya duba, sannan ya kewaye shi da duwatsu. Zipora ta yi kuka ranar, kukan daɗi.

Da yamma kuwa, in zafi ya sauka, kewar gida takan taso mata. Takan tuna koren duwatsun Kagoro bayan ruwa, da ƙamshin ɗanyar citta a kasuwa, da yadda take riƙe hannun Peku suna bin tsohon layin dogo, yarinyar na tsalle daga katako zuwa katako. A kan hanyar nan ta koya mata haruffa biyar, tana zana su da tsinke a ƙasa. Ta ce mata saura sai ta shiga makaranta.

Abin da ya riƙe ta shi ne wasiƙu. Duk bayan wata uku direban mishan yakan kawo ɗaya, rubutu tsaf, harafi zagaye kamar ƙwai. Takan manna su a bangon aji ta ce wa yara, “Ku dubi hannun 'yata.” Sau biyu kacal ta zo gida, duk a Kirsimeti, lokacin da makarantu ke rufe kowa yana cikin sabon kaya. Peku takan gaishe ta a durƙushe ta koma madafa. Zipora ta ɗauka kunya ce, har tana yaba wa Emilia tarbiyya.

* * *

Bayan sujada gidan Silvanus ya cika da baƙi. Zipora ta sulale ta bayan gida, ta tarar da Peku ta riga ta tuɓe rigar coci, tana tsugune gaban tulin kwanuka.

“Bar wankin nan, zo ki zauna.”

Yarinyar ta dubi ƙofar madafa tukuna, sannan ta zo. Zipora ta kama hannunta ta juya. Tafin ya yi kanta, yatsun duk tsofaffin tabon wuƙa, irin na masu tsaga citta da rani. Ta ciro wasiƙa ɗaya daga jaka, ta buɗe.

“Karanta mini wannan. Idona ya gaji.”

Peku ta riƙe takardar. Ta daɗe tana kallonta. Kaza ta zo ta leƙa cikin tukunya, babu wanda ya kore ta.

“Momi, kar ki gaya wa Anti na faɗa.”

“Ba ki faɗi komai ba tukuna.”

“Hellen ne yake rubutawa. Ni ina faɗa, shi ya rubuta.” Ta murza gefen takardar. “Amma ba duka yake sawa ba.”

“Me ba ta sa ba?”

“Na ce ki zo ki ɗauke ni. Sau da yawa na ce.”

Zipora ta ji kamar an zuba mata garwashi a ƙirji. Ta karɓi wasiƙar ta ninke.

“Karatun yau fa?” ta tambaya daga baya. “Wa ya koya miki?”

“Malamin Sande Skul. Sati uku muna yi, kullum bayan na gama aiki.” Sai ta yi sauri ta ƙara, kamar mai gudun a kore ta, “Amma na iya wasu fa, Momi. Ban manta ba.”

Ta ɗauki tsinken tsintsiya, ta share ƙasa da gefen hannu, ta zana su a hankali, harshe a waje: a, e, i, o, u. Manya-manya, a karkace, hannun 'yar shekara biyar.

“Ka ce saura sai na shiga skul. Na riƙe su ina jira.”

Nan Zipora ta kasa daurewa. Ta jawo yarinyar ta rungume, tana kuka ba sauti, Peku kuwa ta sandare a jikinta, ba ta san inda za ta sa hannuwanta ba.

* * *

Ta jira baƙi suka watse. La'asar ta yi, hadari na haɗuwa ta gabas. Emilia na zaune a baranda tana ɓare gyaɗa, Silvanus yana gefe da rediyo a kunne.

“Maman Hellen, aji nawa Peku take?”

Hannun Emilia ya tsaya. Ta dubi mijinta, shi kuwa ya dubi rediyo.

“Maman Peku, ki zauna mu yi magana kaman manya. Yarinyan nan ya je skul fa. Tam ɗaya cur ya yi. Sai na haifi tagwaye, aka yi mini aiki, ba mai ɗauko mini ko ruwa. Na ce ya huta kaɗan. Daga nan citta ya zo, kin san citta ba ya jira mutum.”

“Hellen fa? Ita ba ta huta ba?”

“Hellen yana da ciwon ƙirji.”

“Littattafan da nake aikowa? Takalma?”

“Ai duk yaran gida ɗaya ne.”

Zipora ta juya ga yayanta. “Yaya, kai ma? Kai da ka ce mini in tafi hankali kwance?”

Silvanus ya kashe rediyon, ya shafa ƙeya. “Ki yi haƙuri, Zipora. Kullum muna cewa tam mai zuwa, tam mai zuwa. Kafin mu ankara ta yi girma, ita ma ta fara jin kunyan shiga cikin ƙanana.”

“Kun sa ni tafi a gaban ikilisiya. Kun yaudari fasto, kun yaudari kowa.”

Emilia ta yi wata 'yar dariya, ta ture tiren gyaɗa. “Wane kowa? Wa bai sani ba a cocin nan? Suna ganinshi da tagwaye a baya ran Litinin. Matan fasto ma a wurinshi yake sayan masara. An yi ne don kar ki ji kunya ranan godiyanki. Kuma ki duba gidajen elda-elda na coci, wane gida ne babu yarinyan ƙauye yana wanke-wanke? Ni ban hana shi abinci ba, ban taɓa barinshi ya kwana waje ba. Shekara bakwai, Maman Peku. Ke kina can kina koya wa yaran wasu. Ko sau ɗaya ka ce a kawo maka rifot kad ka gani?”

Maganar ta yi ɗaci, kuma akwai gaskiya a cikinta, shi ya sa ta fi zafi. Ba ta taɓa tambaya ba. Ita da take bin iyaye har rugga tana rigima a kan yaron da ya yi fashin kwana biyu, ba ta taɓa cewa a nuna mata littafin aikin 'yarta ba. Wasiƙun sun yi mata daɗi, ta rungume su, don su ne suka ba ta izinin zama inda ranta ke so. Ta tuna guɗar tsohuwar nan, da matan da suka rungume ta suna cewa Allah ya saka, ashe kowacce ta sani.

Zipora ta juya musu baya. Ta shiga ciki ta ce Peku ta haɗa kayanta. Kayan duka leda ɗaya ce. Ruwa ya sauko suna bakin titi suna jiran keke mai ƙafa uku, suka nufi ɗakin da mishan ta ba ta a bayan majami'a.

* * *

Zipora ta so ta koyar da ita a gida shekara guda, a ɓoye, har ta kamo sa'o'inta. Peku ta ce a'a.

“Ki koya mini da yamma. Amma ina so in sa yunifom, Momi. Ko sau ɗaya in wuce ta gaban gidan Anti da shi.”

Ranar Litinin ta sama suka je firamaren da ke kusa da tsoffin gidajen ma'aikatan jirgi, inda Zipora ta fara koyarwa tana budurwa. Itatuwan mangwaron suna nan, ƙarfen da ake bugawa a maimakon ƙararrawa ma yana nan. Hedimasta yanzu Malam Abednego ne, tsohon abokin aikinta. Ya yi murna da ganinta, ya tambayi labarin Nijar, ya ce ai sun ji irin aikin da ta yi. Sannan ya ba Peku ɗan littafi ya ce ta karanta layin farko. Bayan ɗan lokaci ya karɓe shi a hankali, bai dubi Zipora ba.

“Malama, ke kin fi ni sanin aikin nan. In na sa ta aji uku na cuce ta.”

“Na sani.”

“Aji ɗaya ne.”

“Zan zauna,” in ji Peku.

Malamar ajin ba ta iso ba tukuna. Hedimasta ya nuna musu ƙofa ya koma ofis. Zipora ta gyara wa 'yarta wuyan riga, ta miƙa mata fensir, ta koma jikin taga ta tsaya.

Yara kusan hamsin ne a ciki, 'yan shekara biyar da shida, suna ta hayaniya. Peku ta shiga, doguwa, da littafi a ƙirji. Aji ya yi tsit. Wata 'yar mitsitsiya a bencin gaba ta buga tebur sau uku, duka suka miƙe tsaye, suka haɗa baki da iya ƙarfinsu.

“Gud mooonin, Anti!”

Peku ta tsaya cak. Ta waiga taga, ta dubi mahaifiyarta, ta sake duban yaran. Babu wanda ya zauna, suna jira ta ba su izini. Sai ta sunkuyar da kai, ta ratsa tsakaninsu zuwa bencin baya, ta yi ta ƙoƙarin cusa gwiwoyinta ƙarƙashin teburin, sun ƙi shiga.