Shaidar Kamarar Kasuwa

Kolo ya tuɓe takalmi a bakin zaure, ya shiga ya durƙusa gaban Bulama, gumi na bin gadon bayansa. A waje an riga an yanka san Tahiru, tunda ƙafarsa ta karye a karo da motar Kolo, mahauta na ta wasa wuƙa a gindin bishiyar dogon yaro.

Bulama, mai garin wannan ƙauye na ƙasar Tirmini, tsoho ne da ke son shari'a yadda wasu ke son shayi. Ya gyara zama, ya ce mai ƙara ya fara.

"Allah ya ja zamaninka, wannan shofer ko birki bai taka ba," in ji Tahiru. "Da gudu ya zo ya kwashe mini sa. Ga damina ta ƙarato, da me zan yi huɗa?"

"Ranka ya daɗe, a masallacinku na yi azahar," Kolo ya ce. "Ina fita daga gari na hango san ya tsinke igiya. Na taka birki, na tsaya cik. Shi ya zo ya same ni."

"Wato sa ne ya kaɗe mota," in ji Bulama.

Zaure ya ɗauki dariya. Bulama ya ɗaga hannu ya ce ko Kolo ya kawo shaida kafin la'asar, ko a kira jandarma su tafi da shi da motar.

Kolo ya waiwaya wajen da ya bar motar. Motar ba tasa ba ce, ta Hajiya Kaltuma ce, ƙanwar mahaifiyarsa, wadda ta tsamo shi daga zaman banza a unguwar Birni cikin Damagaram, ta ba shi tuƙi tsakanin Damagaram da Takieta. Sharaɗinta ɗaya ne, kuma Hajiya ba ta maimaita magana: ranar da motarta ta kwana a hannun jandarma, ranar zai ajiye makulli. Ga matarsa Zainaba da tsohon ciki.

Sai ya tuna da abin da ya fi alfahari da shi a duniya.

"Ina da shaida, ranka ya daɗe! Motar nan tana da kamara, ta ga komai. Kuma ba irin tarkacen kasuwa ba ce. Ta kamfani ce, tare aka ƙera su, tun daga can ƙasarsu take jikin motar. Ba ta taɓa rabuwa da ita ba."

Malam Suma'ila, limamin garin, wanda tun da ya shigo yake ta tsaki ba wanda ya san dalili, ya ɗago kai.

"Tare aka ƙera su?"

"Tare, Allah gafarta malam."

"A jikinta ta tashi? Wutarta take sha?"

"Ƙwarai kuwa."

"To ai 'yarta ce," in ji liman. "Ba a karɓar shaidar 'ya a kan uwarta."

Dattawa suka gyaɗa kai, don ba su taɓa jin magana mai ma'ana kamar wannan ba. Kolo ya roƙa a leƙa motar kawai a duba allonta. Bulama ya ce shi ba ya bin shaida gida, shaida ke zuwa zaure. Da Kolo ya ce ba ta ciruwa, sai aka ƙara tabbata cewa 'yar gida ce.

Saura kamara ta biyu, wadda Kolo ke jin kunyar ambato. Hajiya ce ta sa a saya, don ita ba ta yarda da kamarar da ba za ta iya riƙewa a hannu ta ga inda motarta ta yini ba, balle wadda ke magana da harshen da ko a rediyo ba a taɓa ji ba. Kolo ya samo mafi araha a Kasuwar Dole, wajen Auwalu, wani Bakano mai kayan wuta. Robar da ke manne ta da gilashi ba ta jure ranar Damagaram. Da zarar hantsi ya yi sai ta saki, kamarar ta faɗo, Kolo ya zage ta ya ƙyale ta nan.

Dogari ya je ya ɗauko ta, ya ajiye bisa tabarma. Kowa ya zuba mata ido.

"Ita wannan 'yar wa ce?" Bulama ya tambaya.

Kolo bai sani ba. Ko suna babu a jikinta.

"Baƙuwa, ba asali, kuma da kuɗi ka saye ta," in ji liman. "Sai an samu wanda ya san halinta ya tsaya mata."

Aka kira Auwalu a waya, aka buɗe murya kowa na ji.

"Yallaɓai, orijina ce!" in ji Auwalu. "Wallahi tallahi ko a Kano ba kowa ke da irinta ba. Har garanti na ba shi."

"Madalla," liman ya ce. "Za ka zo ka dafa Alƙur'ani a kan haka?"

Sai aka ji Auwalu yana cewa, "Halo? Halo? Kai, wannan layin naku na Nijar!" Waya ta mutu.

Kolo ya sa hannu a aljihu ya taɓa makullin. Tsoro ya kama shi sosai, har yana ganin kansa a kan bencin mai shayi yana kallon motocin mutane.

Abin da ya taimake shi son kallo ne irin na Bulama. Tsohon ya ce ko ba za a karɓa ba, a bari dai a ji ta bakinta. Kolo ya kunna, kawuna suka haɗu a kan ɗan allon da bai kai tafin hannu ba.

Babu hanya, babu sa, babu Tahiru. Kamarar tana kwance a ƙasa kamar kullum, ba abin da ta ɗauka sai ƙafafu biyu. Aka ga ƙafar dama ta danne birki, aka ji ƙarar odar mota, aka ji injin ya lafa, wata murya na salati. Can bayan komai ya tsaya sai aka ji gum! Hoton ya wuntsila.

"Ƙafafun wa?" Tahiru ya ce. "Wa ya san ko tun daga Kano ta zo da su a ciki?"

Dattawa suka sake gyaɗa kai. Amma liman ya kusa sa hancinsa a allon.

"Mai da baya. Tsaya nan!" Ya miƙe tsaye. "Takalmina! Jan nan, mai ɗinkin koren zare a maɗauri! Tun azahar nake nemansa, ba takalmi na tako har nan!"

Dogari ya leƙa bakin zaure ya shigo da takalmin da Kolo ya tuɓe. Shi ne, har da koren zaren. Sai yanzu Kolo ya gane abin da ya sa tun fitowarsa masallaci yake jin ƙafarsa cikin wani daɗi da bai saba ba.

Fuskar liman ta washe. Ya ce shaidar da ta tona satar ubangidanta a gaban jama'a, ba ta ji tsoronsa ba, wannan ba ta buƙatar kowa ya tsaya mata. Ko ba uba, mai gaskiya ce.

"Allah gafarta malam, ba sata ba ce," Kolo ya yi sauri ya ce. "Kuskure ne, ina gaggawa..."

"Af," in ji liman. "In kuskure ne, ai ba ta tona komai ba. Mun koma inda muke."

Bulama ya dubi inuwar ƙofa, wadda ta fara miƙewa, sannan ya dubi Kolo.

"To ɗana, faɗa mana. Sata ce ko kuskure?"

Kolo mutum ne da tun yana yaro ko gyaɗar wani bai taɓa ɗauka ba. Kakansa ma, da ya zo daga Barno, da amana aka san shi a Birni. A zauren nan kuwa akwai fasinjojinsa, waɗanda kafin magariba za su kai labari tashar Takieta. Ya damƙe makullin cikin aljihu.

"Sata ce, ranka ya daɗe."

"Alhamdu lillahi," in ji dattawa.

Bulama ya yanke cewa san ne ya kaɗe mota. Ya ce a yi watandar naman, kowane gida ya ɗauki kashi, don Tahiru ya samu abin sayen ɗan maraƙi. Shi kuma ɓarawo, tunda ya amsa da bakinsa, liman ya yafe masa. Da Kolo ya tambayi nasa takalmin, liman ya ce wannan ragowar takalmin tayar da ya tarar a ƙofar masallaci, haushi ya sa ya wurga ta bayan katanga.

Kolo ya taka rairayi mai zafi har bakin mota, kashin namansa a hannu, mutane na jan takalmansu kusa da su in ya gifta. Yana tayar da injin, kamarar kamfani ta gaishe shi da harshenta cikin ladabi. Ko kallonta bai yi ba. Ya shafa wa robar kamarar kasuwa yawu zai manna a gilashi, sai ya fasa. Ya sunkuya ya ajiye ta a hankali kusa da birki, ya juya idonta wajen ƙafafunsa, waɗanda yanzu ba komai a jikinsu.