Mai Satar Fiton Jaɓɓo

Kunya ba ta barin Jaɓɓo ya kira sunan Asta a kusa da rugar babanta, can bayan Tozai. Sai suka yi dabara. In ya iso gindin gawo, ya yi fiton nan da yake tayar da shanu da shi, ita kuwa ta ɗauki ƙwarya kamar za ta rijiya.

Ran nan a kasuwar Illela ta ƙi ko kallonsa. Tana dama fura, ludayi na dukan ƙwarya kamar ƙwaryar ce ta yi laifin.

"Mi na yi, Asta?"

"Mi ka yi? Kullum sai ka kira ni, in tahi gindin gawo in iske iska! Har ƙannena na yi min dariya. Na bar zuwa."

Ya rantse ya sake rantsewa, sati guda yana Gidan Katta wajen kawunsa. Ta taɓe baki. Zuciyarsa ta yi nauyi kamar an ɗora mata turmi, don Asta in ta faɗi magana ta faɗa.

Da ƙyar ta yarda ta biyo shi wajen gawon washegari da hantsi su ga mai fiton, ba don ta huce ba. Suka laɓe bayan kalgo. Maruƙan babanta na kwance a ciyawa. Can sai ga wani tsuntsu ya sauka kan reshen gawon, baƙi wuluk, bayansa na sheƙi kamar shuni, idonsa ja, wutsiyarsa a rabe biyu kamar bakin almakashi. Ya karkace kai, ya buɗe baki.

Fiton Jaɓɓo ne, har da ɗan lanƙwasar ƙarshen!

Maruƙa suka miƙe, fara ta tashi daga ciyawa ta ko'ina. Tsuntsun ya sako kansa, ya cafke ɗaya a iska, ya koma reshensa yana haɗiya hankali kwance.

Asta ta toshe baki, dariya na kwararowa ta tsakanin yatsunta har da hawaye.

"Ashe wannan ɗan nema ne ke ta zance da ni! Wallahi ya hi ka iyawa."

"To, kin dawo?"

"In ka canza kira." Ta gyara mayafi, ta sunkuyar da kai tana murmushi. "Ko kuwa ka turo kawunka wajen Baffa, kowa ya huta."