Yatsun Usmanu

Duk wanda ya ce maka ya koyi jita yatsunsa ba su yi zafi ba, ko dai ƙarya yake yi ko ba shi da lafiya. Ni Jibirin na san haka, don sai da na yi sati uku ba na iya ɗaure tazugen wandona da hannun hagu, lokacin da wani Bahabashe mai dafa abinci ya koya mini a Madani. Da zaman birni ya ishe ni na dawo ƙauyenmu na Hausawa da ke gefen Managil, a tsakiyar masu jin Larabci, na kafa rumfar gyaran keke a bakin tur'a, wato magudanar da ke kai ruwa gonakin auduga. Jitar tana rataye a jikin ginshiƙin rumfar. In rana ta yi sanyi sai in sauke ta in taɓa, dattawa su wuce suna tsaki, ni ko a jikina.

A shekarar 1967, bayan an gama cirar auduga, sai ga Usmanu. Mijin ƙanwata Hadizatu ne, shekararsu biyu da aure, a lokacin tana da ciki wata biyar. Mutum ne shiru-shiru, daga gona sai masallaci, ko tafi ban taɓa ganin ya yi a gidan biki ba. Ya tsuguna a bakin rumfa ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Yaya Jibirin, so nike ka koya min abin ga."

Na fashe da dariya. "Kai? Ya zol, bawan Allah, ka san abin da kake nema? Wayar nan yanka take yi. Kwana uku za ka yi ka ruga wurin Hadizatu tana hura maka yatsu."

"Na sha jin kana faɗin haka," in ji shi. "Ka dai koya min."

Na ba shi reza ya yanke farce. Na zaunar da shi a kan akwatin kayan aiki, na ɗora masa jitar a cinya, na kai babban yatsansa bayan wuyanta, sauran ukun na jera masa su a kan tsirkiya ɗaya bayan ɗaya. Ya kaɗa. Wayyo Allah, kamar ana jan gwangwani a kan tsakuwa! Har jakin mai ruwa da ke tsaye a bakin tur'a sai da ya waiwayo. Na ce ya danna sosai, kusa da layin ƙarfen, ba a kansa ba. Ya danna har sautin ya karkace, na ce to sassauta, ba wuyan rago na ba ka ba.

Kullum bayan la'asar yana nan. Abin da ya fara ba ni mamaki, ba ya hutawa. Sabon ɗan koyo minti goma yake yi ya yarfe hannu yana tsotsar yatsu. Usmanu sai ya yi sa'a biyu cur, idonsa ƙur a kan wuyan jita, in ya ɗauke ido ko na ƙiftawa ne yatsun sun sauka inda ba nan ba. Ni da wautata har yabonsa nake yi a gaban masu kawo faci, ina cewa ku zo ku ga namiji.

Rana ta goma sha biyu na hango tsirkiya ta biyu ta yi ja.

"Tsaya! Kai, tsaya mana!"

Na fizgi hannunsa na juya. Waya ta tsaga kan yatsan tsakiya, nama a buɗe, jini har ya gangara cikin farce. Ya tsaya yana kallon hannun kamar na wani ne aka nuna masa. Garin riƙon, hannun rigarsa ya zame, na ga wani tabo a damtsensa, faɗin bakin kofin shayi, ja-ja, a bushe ƙamas, alhali duk jikinsa zufa yake yi. Na saki hannun da sauri fiye da yadda ya kamata, kuma ya lura.

Babu ɗan ƙauyenmu da bai san abin da kuturta take jawo wa mutum ba. Muna yara muka ga yadda aka yi da Malam Mahmudu. Aka kafa masa bukka a tsallaken tur'a, dangin matarsa suka zo suka kwashe ta da 'ya'yanta, abincinsa a kan dutse ake ajiyewa a kira shi daga nesa. Mahaifinmu yana cikin waɗanda suka yanke wannan shawara, kuma Baba ba ya magana biyu. In ya ji, auren Hadizatu da Usmanu ya ƙare a ranar.

"Tun yaushe?" na tambaye shi.

"Tun ana tsakiyar cirar auduga. Ƙayar kwanson tana sukar kowa, mata suna kuka da yatsu, ni ban ji komai. Da farko har daɗi na ji."

"Hadizatu ta sani?"

Ya girgiza kai.

"To don uban wa ka zo ka ɓata mini lokaci da kiɗa? Mutum yana cikin wannan hali, jita ce ta dame shi?"

"Ba kiɗan nika so ba, Yaya." Muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kai ka ce babu yatsan da wayar ga ba ta sa shi zafi. Zafin na zo nema. Na ce ko barci suka yi, wata ƙila ta tashe su."

Wallahi ban taɓa jin tausayin namiji ɗan'uwana kamar ranar ba. Sai na hau zagin wani keke da ke jingine, wai mai shi bai zo ya ɗauka ba.

Ya roƙe ni wata ɗaya. In zafi ya zo, shi ke nan, ba abin da muke tsoro ba ne, ba wanda zai ji. In bai zo ba, in yi abin da na ga dama. Na yarda. Har na cire tsirkiyoyi biyu na sa masa silin wayar birkin keke, wadda ta fi siriri ta fi kaifi, mu biyu muna ɗaure ta kamar masu haɗa magani. Dubi hankalin manya fa.

Abin haushin, kiɗan ya fara zama. Tunda ba ya gajiya, abin da ya ɗauke ni wata biyu shi a sati biyu ya kama. Ya iya sauya yatsu daga wurin dannawa na farko zuwa na biyu ba tare da ya tsaya ba, na ukun ne yake ba shi wuya. Ya fara fitar da wani ɗan sauti da muke ji a rediyon mai shayi, a hankali, yana tuntuɓe, amma ana gane shi. Kullum in zai tafi sai in duba yatsun in ɗaure masa da tsumma, in tambaye shi, ya girgiza kai.

Wata rana Hadizatu ta kawo mana kisra, wainar dawa mai faɗi, da miyar kuɓewa, tana tafe tana dafe da baya. Ta tsaya ta saurara, ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya.

"Yaya, ka mai da min miji maroƙi! To ai sai ya koya da kyau, shi za ya yi min kiɗan suna, ba ni biyan kowa."

"Wannan? Baƙin naki gudu za su yi," na ce.

Ta tafi tana dariya. Muka zauna a kan tire ɗaya kamar kullum. Ya sa hannu, ni kuma na ga nawa hannun yana zagaye gefen da ya taɓa. Na yi loma uku na ce na ƙoshi. Ya jawo tiren gabansa ya ci shi kaɗai. Na tsani kaina a ranar, amma ko da aka sake kawowa haka na sake yi. Kuma duk sanda na ga cikin Hadizatu sai in ce wa kaina Jibirin, ƙanwarka ce fa, uwa ɗaya uba ɗaya, kake wasa da ranta saboda alkawarin bakin rumfa.

Saura kwana shida wata ya cika, yana cikin kaɗawa sai ya yarfe hannu.

"Ash! Yaya, ya zo! Wallahi ya zo!"

Ya hau hura yatsu yana yamutsa fuska. Na yi tsalle na rungume shi, na manta da duk wani ƙyama, na ƙwala wa mai shayi kira ya kawo biyu da madara. Alhamdu lillahin da na yi ta fi sau ashirin.

Washegari ma haka, ya danna ya ce ash, ya danna ya ce ash. Sai na fara lura. Yadda yake yarfe hannun, yadda yake sa yatsa a baki, sak yadda nake kwaikwayon kaina in ina ba mutane labarin koyona a Madani. Kuma tsagar da ke yatsan tsakiya, wadda ya kamata ta sa shi ihu, a kanta yake dannawa hankali kwance, sai ya ɗaga ya hura na kusa da shi.

Akwai allurar da nake ɗinke sirdin keke da ita. Na ɓoye ta a tafin hannu na zagaya gefensa.

"Babban yatsanka ya zame. Ci gaba, kar ka tsaya, ni zan gyara maka."

Babban yatsan yana bayan wuyan jita, inda idonsa ba ya kaiwa. Na kafa allurar na tura. Na tura har na ji ta shige nama, ni da ke riƙe da ita sai da tsigar jikina ta tashi. Jini ya ɓullo ya bi katakon. Usmanu yana ta kaɗawa, ya sauya zuwa wuri na uku daidai, karo na farko ke nan da ya same shi ba kuskure. Ya ɗago yana murmushi, sannan ya tuna, ya yamutsa fuska ya ce ash.

Na ɗaga allurar a gaban idonsa. Ya dube ta, ya juya hannunsa ya ga jinin.

"Munafuki!" na ce. "Ni za ka mayar ɗan iska? Na rufa maka asiri, na ci amanar gidanmu saboda kai, ka zauna kana yi mini wasan yara?"

"Yaya, don girman Allah. Bari ta haihu. In ga abin da ta haifa, in yi mashi huɗuba, kalas, shi ke nan, ni da kaina zan tafi."

Ya kama gefen rigata. Na fizge.

Nan ne wurin da nake so a ji da kyau, don na gaji da masu cewa na yi abin da ya dace. Ba tsoron ciwon ne ya tashe ni daga rumfar nan ba. Haushi ne, haushin an yi mini ƙarya na yi tsalle na sayi shayi. Daga rumfata zuwa wurin likita a Managil tafiyar sa'a ɗaya ce a keke, ga kekuna har bakwai a jingine. Daga rumfata zuwa zauren Baba taku hamsin ne. Na yi taku hamsin ɗin.

Kafin magariba an tara dattawa. Suka sa ya tuɓe riga a tsakar zaure, suna nuna tabon da tsinke daga nesa, aka samu wasu tabo biyu a bayansa. Aka aika mata suka taho da Hadizatu. Tana ihu tana cewa ita ba ta ce a raba ta da mijinta ba, ita ta ji ta gani, a bar ta ta bi shi tsallaken tur'ar. Baba ya ce in ta sake buɗe baki zai ɗaga mata nono a madadin uwarta da ke kabari. Da Usmanu ya ga za a kai ga haka, shi da kansa ya furta sakin, a tsaye, rigarsa a hannu. Bai yarda an kafa masa bukka ba. Kwana biyu bayan nan ya hau bayan lori mai zuwa Sinnar, wai ya ji akwai wurin da ake tara irinsu can kudu. Ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.

Bayan shekara uku wani ma'aikacin asibiti ya kawo mini faci. Muna hira na ba shi labarin, ban faɗi suna ba. Ya ce ai wanda aka gano da wuri haka, akwai ƙwayoyin da ake ba shi ya yi ta sha, ciwon ya tsaya inda yake, da yawa suna zaune a gidajensu da matansu. Ya faɗa yana sakace, kamar mai ba da labarin farashin albasa. Na gama masa facin, na rufe rumfa tun azahar.

Hadizatu ta haifi mace, aka sa mata Maryamu. Ba ta sake aure ba, duk wanda ya zo ta kore shi, har Baba ya gaji ya ƙyale ta. Ba ta taɓa zagina ba, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Abu ɗaya ta yi. Tun daga ranar zauren nan ba ta sake yi mini Hausa ba. In mun haɗu ta gaishe ni da Larabci, cikin ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa mutumin da aka zauna kusa da shi a mota.

Da Baba ya rasu, ranar sadakar bakwai, bayan mutane sun watse, na shiga cikin gida na same ta tana wanke kwanuka. Maryamu, mai shekara goma sha ɗaya a lokacin, tana ɗauraye mata. Na tsuguna a gabanta, ni da furfurata, na kira ta yadda nake kiranta tun ina goya ta.

"Dije. Baba ya tafi, saura ni da ke. Na cuce ki, na cuci yarinyar nan, na sani. Ki yafe mini."

Ta ɗago ta dube ni. Ta ce mini da Larabci Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya, wai ta gode da na zo ta'aziyya. Sannan ta juya wurin 'yarta, da Hausa, a hankali:

"Maryamu, tashi ki kawo ma baƙon ga ruwa."