Rabon Hantsin Sagir

Wani mafarki na yi jiya da dare, har yanzu bai sake ni ba.

Na tsinci kaina a wani gari inda ruwan sama ke tsirowa daga ƙasa yana hawa gajimare, kowa ya riƙe lemarsa a kife. Ina goye da ɗana Sagir, wanda likita ya ce bitamin D ya yi ƙaranci a jikinsa, ga ƙiba, ga jini ya fara hawa, yaron da ko firamare bai gama ba. Zuciyarsa kuwa tana cikin aljihun rigata, tana haki kamar ɗan tsako.

Sai ga ni a ofishin rabon hantsi. Wani bunsuru mai tabarau ne shugaba, yana taunar labule a tsanake.

"Ranka ya daɗe, hantsi nake nema wa yaro, ko cikin ludayi ne."

"Ɗan wane gida?"

"Gidan Tanimu, mai shuɗiyar ƙofa."

"Af! Inda aka rufe tsakar gida da kwano? Ai kullum sai mun aika. A yi ta sallama, ba mai amsawa sai talabijin."

Na ce don kada zafi ya taɓa shi na rufe, har maƙwabta sun zo kallo suna sa albarka. Bunsurun bai ko ɗago ba. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina.

"To rabon nasa fa?"

"Ƙadangaru sun karɓa. Hantsi ba ya kwana."

Sai ga ni a kan rufin gidana, babu Sagir a bayana. Ƙadangaru sun cika wurin, ƙarti majiya ƙarfi, ƙafafu kamar taɓarya. Babbansu na sanye da takalman ƙwallon Sagir, waɗanda ba su taɓa taka fili ba. Na durƙusa na roƙe shi, ya gyaɗa kai. Na sake roƙo, ya sake gyaɗa kai. Ko ƙyalli bai ba ni ba.

Daga ƙarƙashin kwanon na ji muryar Sagir: "Baba, gari ya waye ne?"

Na kama kwanon da hannu biyu ina ja, ya ƙi motsi. Wayyo ni, da bakina na ce wa kafinta ya ƙara ƙusa.

Ƙarar ƙadangare a guje bisa kwano ce ta tashe ni. A waje hantsi ya dubi ludayi. Na leƙa tsakar gida, na tarar da Sagir ya kunna tocila yana neman silifas ɗinsa.